Shin daga tatsuniyoyin Masar aka ɗauko labarin Annabi Isa?

Haruna, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina gaida iyayenmu da malamanmu da sauran 'yan'uwa na wannan zaure, Musulmi da Kirista. Akwai wani rubutu da yake ta yawo a WhatsApp tsakanin matasan unguwarmu, wanda aka ce an tsakuro shi daga littattafan wata marubuciya Ba'amurkiya mai suna D. M. Murdock, wadda aka fi sani da Acharya S. Abin da rubutun yake cewa shi ne Kiristanci ba shi da asali na kansa, harhaɗa shi aka yi daga tatsuniyoyin mutanen da, musamman na Masar da Farisa. An ce wani abin bautar Misrawa mai suna Horus budurwa ce ta haife shi ranar 25 ga Disamba, yana da almajirai 12, an gicciye shi, ya kuma tashi bayan kwana uku, duk wannan tun dubban shekaru kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam. Haka aka faɗa game da Mitra, wani abin bautar Farisa. A ƙarshen rubutun har cewa aka yi ba a taɓa yin wani mutum mai suna Yesu ba, wai rana ce ake bautawa aka laƙaba mata sunan mutum, almajiran kuma buruji 12 ne na sararin sama.

Na kawo tambayar ne saboda na ga wasu matasanmu Musulmi suna yaɗa rubutun da murna, suna ganin sun sami abin da za su ƙure abokan karatunsu Kiristoci da shi, ni kuwa zuciyata ba ta kwanta da shi ba. Ina roƙon masana su yi mana bayanin inda wannan marubuciya ta samo maganganunta, da abin da malaman tarihi suke cewa a kansu.

Malam Lawal, Samaru:

Wa'alaikumus salam, Malam Haruna. Wannan magana ba Murdock ce ta fara ta ba, ta girme ta da shekaru wajen ɗari biyu, kuma sanin inda ta faro yana taimakawa wajen auna nauyinta. Waɗanda suka fara shimfiɗa ta a rubuce Faransawa ne biyu na zamanin juyin juya halin ƙasarsu, Volney a 1791 da Dupuis a 1795, waɗanda suka tafi a kan cewa tushen addinai bautar rana da taurari ne. A lokacin da suke rubutu babu mutum ɗaya a doron ƙasa da yake iya karanta rubutun tsoffin Misrawa, domin sai a 1822 wani masani Bafaranshe mai suna Champollion ya gano yadda ake karanta shi. Ke nan abin da suka faɗa game da Masar daga bakin Girkawa da Rumawa suka ji shi, sauran kuma hasashe ne. Bayansu aka sami Ba'amurke Kersey Graves, wanda a 1875 ya jera masu ceto 16 da ya ce duk an gicciye su, sai kuma Gerald Massey na Ingila, marubucin waƙoƙi da ya koya wa kansa ilimin Masar, wanda ya rasu a 1907. Yawancin kamannin da ake jerawa tsakanin Horus da Yesu daga wurin Massey suka fito. Murdock ta fitar da littafinta na farko a kan batun a 1999, ta dogara ƙwarai da waɗannan magabata nata, sannan a 2007 wani fim mai suna Zeitgeist da aka saki a intanet ya ɗauki hujjojinta ya baza su a duniya. Ta rasu a 2015.

Yau kuwa ana karanta rubutun Misrawa, kuma labarin Horus a rubuce yake tun a bangon dalar fir'aunoni, sama da shekaru 2,300 kafin haihuwar Annabi Isa. Ga yadda yake. Osiris sarki ne, ɗan'uwansa Set ya kashe shi ya daddatsa gawarsa ya warwatsa, matarsa Isis ta bi ƙasa tana tattara gaɓoɓin har ta haɗa su, sannan ta ɗauki cikin Horus daga gawar mijin nata. A haikalin Fir'auna Seti na Ɗaya da ke Abidos akwai zanen da aka sassaƙa a bango yana nuna Isis cikin siffar shirwa tana shawagi a kan Osiris lokacin ɗaukar cikin. Duk wanda ya kira wannan haihuwar budurwa ya tanƙwara magana, domin matar aure ce, uban ɗan kuma sananne ne, kuma gadon sarautar wannan uba shi ne ƙashin bayan labarin baki ɗaya. Horus ya girma a ɓoye cikin fadamun arewacin Masar, kunama ta harbe shi yana yaro aka yi masa magani, ya girma ya yi ta fafatawa da Set har ya rasa ido, daga ƙarshe ya karɓi gadon ubansa. Babu gicciye a ciki, babu almajirai 12. Shi ma Osiris da ake cewa ya tashi daga matattu, bai dawo cikin mutane ba, sarkin duniyar matattu ya zama ya zauna can.

Domin a yi wa Murdock adalci, ba shiru ta yi ba da aka ƙalubalance ta. Sai dai hanyar da ta bi wajen kare kanta ita ce faɗaɗa ma'ana, ta yadda duk hoton abin bauta da ya miƙe hannuwansa biyu sai ta lissafa shi cikin gicciye, duk inda kuma aka sami wasu 12 tsaye kusa da shi sai su zama almajirai. Misrawa sun raba dare zuwa sa'o'i 12, saboda haka adadin ya cika zane-zanen kaburburansu. Idan da wannan ma'auni za a yi aiki, babu abin da ba za a iya tabbatarwa ba. Almajiran Linjila kuwa ba sai an je Masar neman dalilin adadinsu ba, tunda Matiyu 19:28 ya danganta su kai tsaye da kabilu 12 na Bani Isra'ila.

Maganar Mitra ta fi wannan sauƙi. Mitra na Farisa tsoho ne ƙwarai, amma addinin asiri na Mitra da ya yaɗu cikin sojojin Rum, wanda shi ne ake kwatantawa da Kiristanci, alamunsa na farko daga ƙarshen ƙarni na ɗaya na Miladiyya suke, wato bayan an riga an rubuta wasiƙun Bulus, manzon Kiristoci. Mabiyansa ba su bar mana littafi ba, gumaka da ɗakunan ibada na ƙarƙashin ƙasa suka bari, kuma a cikinsu daga dutse ake nuna yana fitowa, da wuƙa a hannu ɗaya da wutar jiniya a ɗaya. Aikinsa sananne shi ne yanka bijimi. Ba a sami inda aka nuna mutuwarsa ba, balle tashinsa.

Ranar 25 ga Disamba kuwa babu ta a Linjila ko kaɗan. Rubutu mafi tsufa da ya nuna Kiristocin birnin Rum suna kiyaye ta wata kalanda ce ta shekarar 354, wadda jerin da ke cikinta yake komawa 336. Masana sun kasu biyu a kan dalilin zaɓarta. Wasu sun ce an ɗora ta ne a kan bikin rana, wanda Sarkin Rum Aurelian ya ɗaukaka bautarta a 274, wasu kuma sun ce lissafi aka yi daga 25 ga Maris, ranar da aka ɗauka an yi cikinsa, aka ƙara wata tara. Kiristocin Armeniya har yau 6 ga Janairu suke yin nasu. Ko da ɓangare na farko ne suke da gaskiya, abin da hakan ya tabbatar shi ne Kiristocin ƙarni na huɗu sun aro ranar biki, wanda ba ya gaya mana komai game da abin da ya faru a Falasɗinu shekaru ɗari uku kafin su.

Baba Bitrus, Wusasa:

Salama gare ku duka. Malam Lawal ya ɗauke mini nauyin Masar da Farisa, na gode masa. Haruna ɗana, ni zan tsaya ne a kan ƙarshen rubutun nan, inda aka ce ba a taɓa yin Yesu ba, kuma zan yi ƙoƙari kada in kafa maka hujja da bangaskiyata, tunda ita tawa ce, sai dai da abin da kowane mai bincike zai iya dubawa.

Rubutun Kirista mafi tsufa da ke hannunmu wasiƙun Bulus ne, waɗanda aka rubuta daga wajen shekara ta 50, kimanin shekaru ashirin bayan abin da ya faru a Urushalima. Akwai guda bakwai daga cikinsu da hatta masana marasa addini suka yarda shi ya rubuta su. A Galatiyawa 1:18-19 Bulus ya ce ya je Urushalima ya zauna da Bitrus kwana 15, kuma bai ga wani daga cikin manzanni ba sai Yakubu ɗan'uwan Ubangiji, wato Yesu. Ba domin ya tabbatar da wanzuwar Yesu ya faɗi wannan ba, cikin gardama yake da mutanen da suke raina manzancinsa, maganar ta fito a gefe. A wasiƙar dai ya ce mace ce ta haifi Yesu a ƙarƙashin shari'ar Musa, a farkon wasiƙarsa ga Romawa kuma ya ce daga zuriyar Dawuda yake. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa tun 1932, kowa na iya buɗe waɗannan wurare ya karanta da kansa.

A wajen ikilisiya akwai Josephus, Bayahude masanin tarihi da aka haifa a Urushalima a shekara ta 37. A tarihin Yahudawa da ya kammala wajen shekara ta 93 ya ambaci Yesu sau biyu. Wuri na farko, gaskiya ne, hannun magatakardan Kirista ya shiga cikinsa ya ƙara kalmomin da Bayahuden da bai karɓi Almasihu ba ba zai rubuta ba, kuma malamanmu sun daɗe da amincewa da haka. Wuri na biyu kuwa mafi yawan masana ba sa shakkarsa, shi ne inda ya ba da labarin yadda babban firist Hananu ya sa aka jefe Yakubu, ɗan'uwan Yesu da ake kira Almasihu, a shekara ta 62. Sai Tacitus, ɗan majalisar Rum, wanda wajen shekara ta 116 ya rubuta labarin gobarar birnin Rum ta shekara ta 64 da yadda Sarki Nero ya ɗora wa Kiristoci laifin. Ya ce sunansu ya samo asali ne daga Kiristi, wanda Bilatus, gwamnan Yahudiya, ya zartar wa hukuncin kisa a zamanin Sarki Tibariya, ya kuma kira addinin mugun camfi. Shi kansa Bilatus an tono dutse mai ɗauke da sunansa da muƙaminsa a Kaisariya a 1961.

Abin da ya fi ba ni mamaki tun ina koyarwa shi ne, maƙiyan Kiristanci na farko ba su taɓa kawo wannan hujja ba. Celsus, masanin falsafa Bagirke da ya rubuta littafi guda na sukar addininmu wajen shekara ta 177, ya faɗi munanan maganganu a kan Yesu da mahaifiyarsa waɗanda ba zan maimaita ba, amma bai ce babu shi ba, alhali da ya sami wannan kafa da ita ce mafi sauƙi a gare shi. Haka kuma Bart Ehrman, malamin jami'a a Amurka wanda ya bar Kiristanci, wanda matasa masu muhawara suke yawan ambatonsa a kan sauye-sauyen da aka samu a kofe-kofen Linjila, a 2012 ya rubuta littafi sukutum yana tabbatar da cewa an yi Yesu, ya kuma soki aikin Murdock da zafi. Wanda ya karɓi shaidarsa a can, ya kamata ya saurare shi a nan.

Malama Hadiza, Kongo:

Baba Bitrus, Allah ya ƙara girma. Malam Lawal, sannu da ƙoƙari. Ban saɓa muku ba a kan cewa jerin da ke yawo a waya ba shi da tushe, amma ina tsoron kada mai karatu ya tashi da zaton cewa duk maganar tasirin tsoffin addinai a kan Kiristanci shirme ce, alhali fage ne na bincike da manyan masana suka ƙare rayuwarsu a cikinsa.

Wanda ya fara kwatanta Yesu da allolin Girkawa da Rumawa ba zindiƙi ba ne, malamin Kirista ne, Justin, wanda aka kashe saboda addininsa. A wasiƙar kare kai da ya rubuta wa sarkin Rum wajen shekara ta 155 ya ce abin da Kiristoci suke faɗa game da haihuwar Yesu da mutuwarsa da hawansa sama bai bambanta da abin da Rumawa suke faɗa game da 'ya'yan Jupita, babban abin bautarsu, ba, ya kuma bayyana kamannin da cewa shaiɗanu ne suka kwaikwayi annabce-annabce tun da wuri domin su ruɗa mutane. Ke nan mutanen wancan zamani sun ga kama. A duniyarsu ana cewa Iskandar Mai Girma ɗan Zeus ne, babban abin bautar Girkawa, ana cewa abin bautarsu Apollo ne ya haifi Sarkin Rum Augustus, kuma laƙabin ɗan allah yana kan kuɗin Rum. Masu sauraron Bulus a Koranti da Afisa da wannan kunnen suka saurare shi.

Akwai kuma batun allolin da suke mutuwa su dawo. James Frazer ya yaɗa wannan ra'ayi daga 1890, daga baya Jonathan Z. Smith ya ce babu irin wannan rukuni, sai a 2001 Tryggve Mettinger na Suwidin ya sake duba hujjojin ya ce akwai, ya kawo Ba'al na allunan Ugarit da aka fara tonowa a Siriya a 1929. A tatsuniyar Sumer ma an kashe Inanna a duniyar matattu an rataye gawarta, sannan aka raya ta. Gaskiya ne Mettinger da kansa ya ce bai ga hujjar cewa daga nan aka ɗauko tashin Yesu ba, amma abin da nake nufi shi ne ƙofar binciken ba a rufe take ba. Hatta maganar Disamba, marubucin Girka Plutarch ya rubuta cewa Isis ta haifi Horus ƙarami wajen tsakiyar hunturu, saboda haka Massey ba daga iska ya ɗauko komai ba.

Aron al'adu kuwa ba ya buƙatar gardama. A 601 Fafaroma Gregory ya aika wa masu wa'azinsa a Ingila cewa kada su rushe ɗakunan gumaka, su tsarkake su su mayar da su majami'u, su kuma bar wa mutane bukukuwansu da sabuwar manufa. A 609 aka mayar da haikalin Pantheon na birnin Rum coci. Sannan, Baba, da izininka, Tacitus ya yi rubutu ne bayan shekaru sama da tamanin, kuma mai yiwuwa abin da Kiristocin zamaninsa suke faɗa ya maimaita. Richard Carrier, mai digirin digirgir a tsohon tarihi daga Jami'ar Kolombiya, ya fitar da littafi a 2014 yana cewa yiwuwar an yi Yesu ba ta wuce ɗaya cikin uku ba, kuma shi ma ya yi watsi da Graves. Masana kaɗan ne ƙwarai suka bi shi, amma hujjarsa ba irin ta WhatsApp ba ce.

Malam Abubakar, Unguwar Juma:

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ni ba masanin tarihin Masar ba ne, zan yi magana ne a kan matasan da Malam Haruna ya ce suna yaɗa rubutun da murna. Ya kamata a tambaye su ko sun karanta shi har ƙarshe. Musulmin da ya ce ba a yi Annabi Isa alaihissalam ba ya ƙaryata Alƙur'ani, wanda kuma ya ce haihuwarsa ba tare da uba ba tatsuniyar Misrawa ce ya ƙaryata Suratu Maryam da ayoyin Ali Imrana. Imani da shi yana cikin imani da manzanni, ba abin da ake ajiyewa ba ne saboda ana son cin gardama. Wannan hujja ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin ita ce kafiran Makka suka jefi Manzon Allah sallallahu alaihi wa sallam da ita. A aya ta 5 ta Suratul Furƙan an hakaito suna cewa tatsuniyoyin mutanen farko ne ya sa aka rubuta masa, kuma malaman sira sun kawo yadda Nadru ɗan Haris yake zama bayan Manzon Allah ya tashi yana ba Ƙuraishawa labarin Rustum da Isfandiyar na Farisa, yana cewa nasa labarin bai gaza ba. A Turai akwai marubuta da suka bi wannan hanya har suka ce shi ma Manzon Allah ba a yi shi ba.

Sai dai akwai abin da za a rarrabe, kuma a nan maganar Malama Hadiza tana da wurin zama. Alƙur'ani a aya ta 30 ta Suratut Tauba ya ce masu kiran Almasihu ɗan Allah suna kwaikwayon maganar waɗanda suka kafirta gabaninsu. Alƙali Abdul Jabbar, wanda ya rasu a 1025, ya yi doguwar magana cewa ba Rumawa ne suka zama Nasara ba, Nasara ne suka zama Rumawa. Wannan saɓani ne na aƙida tsakaninmu da su Baba Bitrus, sananne ne, kamar yadda muka saɓa a kan gicciye bisa aya ta 157 ta Suratun Nisa'i, inda aka ce ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, an kamanta musu ne. Amma Ibnu Hazmi da Ibnu Taimiyya da sauran waɗanda suka yi raddi ga Nasara ba wanda ya musanta wanzuwar Annabi Isa ko budurcin mahaifiyarsa. Jerin kamanni irin na Massey ya shigo littattafan Larabci ne daga baya, misali littafin Muhammad Ɗahir Tannir da aka buga a Beirut a 1912, wanda yawancin kayansa daga marubutan Turai masu adawa da addini aka kwaso su. An umurce mu mu binciki labari kafin mu yaɗa shi, an kuma hana mu jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanyar da ta fi kyau, kuma garin nan namu ya san abin da maganar addini take jawowa idan ta faɗa hannun wanda bai auna ta ba.

Malam Lawal, Samaru:

Allah ya gafarta Malam, Allah ya saka da alheri. Malama Hadiza, na yarda an yi aron al'adu, na kuma yarda Girkawa sun fahimci wa'azin Bulus da tunaninsu. Inda nake tsayawa shi ne, kama da wane ba ta wane. Kafin a ce labari kaza daga kaza aka ɗauko shi, sai an nuna wanne ya riga wanne, an kuma nuna hanyar da ya bi ya isa ga wanda ake zargi da aro. Irin tarbiyyar da marigayi Abdullahi Smith da marigayi Bala Usman suka dasa a sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ke nan, a tambayi kowace majiya wa ya rubuta ta, yaushe, kuma da wace manufa. Labarin Bayajida ya isa misali. Baƙo ya zo ya kashe macijiyar da ta tsare rijiyar Kusugu ya auri sarauniya, kuma irin wannan labari yana wurin Soninke na Wagadu, yana wurin Girkawa a labarin Perseus, amma wannan kaɗai bai isa a ce Daurawa daga Girka suka aro shi ba, balle a ce ba a taɓa yin sarauta a Daura ba.

Mabiyan Yesu na farko Yahudawan Galili ne masu ƙyamar gumaka, kuma kalmomin da suka yi amfani da su, Almasihu da mulkin Allah da tashin matattu a ranar ƙarshe, duk suna cikin littattafan Yahudawa, har da naɗaɗɗun littattafan da aka fara ganowa a kogunan Kumran a 1947. Wannan ita ce hanyar da ake iya bi da ƙafa. Justin kuwa roƙo yake yi a daina kashe mutanensa, saboda haka amfaninsa ne ya nuna wa sarki cewa aƙidarsu ba baƙuwa ba ce, kuma wanda ya duba misalan da ya kawo zai ga shi ma ya ja su da ƙarfi. Tun zamanin Dupuis aka gane raunin tafsirin rana. 'Yan shekaru bayan mutuwar Napoleon a 1821 wani ma'aikacin ɗakin karatu a Faransa mai suna Pérès ya rubuta ɗan littafin ba'a yana tabbatar da cewa ba a taɓa yin Napoleon ba, rana ce kawai, tunda a tsibiri aka haife shi kamar Apollo, 'yan'uwansa maza huɗu su ne lokutan shekara huɗu, manyan hafsoshinsa 12 kuma buruji ne.

Malama Hadiza, Kongo:

Malam Lawal, ba'ar Pérès ta kama Dupuis da Massey da Murdock, ban musa ba, amma ba ta kama Carrier ba, domin shi bai dogara da buruji ba. Cewa yake yi Kiristocin farko Yahudawa ne da suka yi imani da wani mai ceto na sama da suka gani ta wahayi da cikin nassi, daga baya aka rubuta masa tarihin rayuwa a ƙasa. Wurin da ya fi shan wahala shi ne ayar da Baba Bitrus ya kawo. Amsarsa ita ce duk Kiristan da aka yi wa baftisma ana iya kiransa ɗan'uwan Ubangiji. Ni wannan amsa ba ta gamsar da ni ba, saboda Bulus ya ambaci Bitrus da Yakubu a jere, ya keɓe Yakubu kaɗai da wannan suna alhali Bitrus ma mai bi ne, sannan Josephus da bai san wasiƙar ba ya zo ya kira wannan Yakubu ɗan'uwan Yesu. G. A. Wells na Ingila, wanda tun 1971 yake kare ra'ayin cewa ba a yi Yesu ba, a ƙarshen shekarun 1990 ya sassauta ya amince cewa akwai wani mai wa'azi Bagalile a bayan wasu maganganun da ke cikin Matiyu da Luka.